Da Ƙafa Zuwa Makka, Na Kai PK 14

"Ina za ka?" in ji jandarman da Faransanci, yana zungurar buhun da ke kaina da sandarsa.

Na ce, "Makka."

Ya dube ni daga hula har silifa. Ya ce, "Makkar tana ina, bayan unguwar Makèpè?"

Na ce a'a, chef, Makka ta gaske, wadda ake zuwa hajji. Ya ce to ina tikitin jirgi? Na ɗaga masa sandar da ke hannuna. Ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji.

Tsakiyar Ndokoti ke nan, babbar mahaɗar motocin Douala, wajen ƙarfe goma na safe. Motoci sun cushe ba gaba ba baya, 'yan bensikin, masu haya da babur ɗin nan, suna ratsa tsakani kamar ƙudaje, masu talla suna tura maka caja da gyaɗa har cikin ido. A shekarun nan kuwa kowa ya sani, labarin da ke zuwa daga arewa ba daɗi, na yankin masu Turanci ma ba daɗi. In ka sa doguwar riga ka ɗauko ƙaton buhu ka shigo taro, dole a tsayar da kai. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da na ga kaina da na tsayar da kaina.

Suka duba katin shaida, suka ce in sauke kaya. Aka fara fito da su a gefen titi: kilishi ƙunshi huɗu, dambun nama, garin rogo, bobolo, dafaffen ƙullun rogon nan na cikin ganye, guda goma, ƙaramar tukunya, buta, tabarma, man zafi, takalmin roba da ba girmana ba. A can ƙasa sai ga farin yadi a ninke cikin leda.

"C'est quoi ça?"

Na ce, "Likkafani ne, chef. In na mutu a hanya da shi za a rufe ni."

Ya ja baya taku biyu. Na biyun, mutumin Garwa ne, yana jin Hausa, dariya ya yi har sai da ya riƙe ciki. Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya na ce, don Allah yallaɓai, ku ƙwace rabin kayan nan, ko tukunyar ce da bobolon. Ya ce ba su da hurumin taɓa guzurin alhaji. Su biyun suka kama buhun suka ɗora min a ka, ya ce in na isa in yi masa addu'ar ƙarin girma.

Bari in gaya muku yadda na tsinci kaina a wurin.

Ni ɗan unguwar New Bell ne a nan Douala, can aka haife ni, can aka haifi babana. Sana'ata gyaran waya, ina da ɗan tebur a bakin kasuwa. Wata rana da damina abokina mai bensikin ya ɗauko ni, muka zo kwana, ya ce "riƙe ni", kafin in riƙe shi mun shige lambatu. Shi ya tashi ba ko ƙwarzane. Ni ƙafata ta dama ta karye wuri biyu. Asibiti suka yi nasu, amma Kaka, uwar babana, ta ce ba ta yarda da ɗorin da ba a ji ihu ba, ta aika aka kira mai ɗori na unguwa. Ranar da mutumin nan ya kama diddigena ya ja, na ga taurari da rana tsaka. Na buɗe baki na ce, "Ya Allah, in ƙafar nan ta warke, wallahi zan taka ta har Makka kamar yadda kakana ya yi!"

Tsakar gidan cike take da mata 'yan dubiya. Kowa ta ji. Wannan ma da sauƙi, ana iya cewa zafi ne. Amma da yamma, da raɗaɗin ya lafa, ni da hannuna na ɗauki hoton ƙafar na sa a guruf ɗin unguwa, na rubuta maganar a ƙasa, har da ɗan hoton Ka'aba. Mutum ɗari da wani abu suka ce amin.

Kakan nawa kuwa ba ƙaramin abin alfahari ba ne a gidanmu. Ban riske shi ba, amma tun ina ƙarami nake jin cewa ya tashi daga ƙofar gidan nan da ƙafa, ya bi tsohuwar hanyar mahajjata, ya je Makka ya dawo cikin shekara bakwai. Mun haddace garuruwan kamar karatun allo: Edeya, Yawunde, Yoko, Tibati, Ngaundare, Garwa, Marwa, Kuseri, Abeshe, a ratsa Sudan har bakin teku. Sandarsa tana rataye a ɗakin Kaka, ba mai taɓawa. Ita Kaka daga baya ta je da jirgi, ta dawo cikin wata guda, kullum tana cewa ita ba ta ji kamar ta je ko'ina ba.

Wata biyar ina kwance. Da na fara takawa ba sanda, na yi shiru da maganar, ina fata kowa ya manta. Kowa ya manta ɗin, ban da mutum ɗaya.

"Maigida," in ji Kaka, don haka take kirana, wasan jika da kaka, "na ga ƙafa ta yi kyau. Jiya har gudu na ga ka yi da aka ce an sauke shinkafa."

Na ce, "Ai da sauran ciwo, amarya."

Ta ce, "Sa rigarka, liman yana jiranmu."

Liman ya saurare mu, ya ce in maimaita abin da na faɗa kalma da kalma. Na so in rage, Kaka ta cike min. Ya jawo littafi ya buɗe, ya ce wannan bakance ne, kuma a mazhabarmu wanda ya yi bakancen tafiya Makka da ƙafa, to tafiyar ta hau kansa, daga inda ya furta. Ya taka iya ƙarfinsa, in ya gaza ya hau abin hawa, daga baya ya yi yanka.

Na ce, "Alhamdu lillahi, in ya gaza ya hau."

Ya ce, "Ya hau ya yi gaba. Ba ya hau ya dawo gida cin tuwo ba."

Na ce, "Allah gafarta malam, amma hanya ba lafiya. Kowa ya san halin da arewa take ciki."

Ya ce, "Rikicin ya zo Ndokoti?"

Na ce a'a.

"Edeya fa?"

Na ce a'a.

Ya rufe littafin. "To ka fara isa inda yake tukuna, sai ka kira ni mu yi magana. Ai kana da waya."

Duk da haka na fito da dabarata a zuciya. Zan tashi bayan asuba ba wanda ya sani, in taka zuwa Ndokoti, ƙafa ta kumbura, in ɗauki hotonta, in dawo da la'asar ina ɗingishi. An gwada, Allah ya gani, mutane sun gani. Kuskurena ɗaya, na gaya wa Kaka ranar.

Ta ce, "Ka fita kamar ɓarawo? Jikan mai sandar nan? Ba a tafiya hajji sai an yi sallama."

Ku da ba 'yan unguwa ba, ga yadda abin yake. Mai niyyar hajji yakan bi gida gida, ya durƙusa, ya ce zan yi tafiya, ban sani ba ko zan dawo, abin da na yi muku wanda na sani da wanda ban sani ba ku yafe min. Su ce sun yafe, su ma su nemi tasa gafarar, su ba shi ɗan guzuri. Masu tafiya da jirgi suna gama wannan cikin yini guda, sama sama, kowa ya san bayan wata ɗaya za a sake haɗuwa a layin famfo. Ni nawa kwana uku aka yi, Kaka tana gaba ina baya, tana sanarwa a kowace ƙofa: "Ga mai tafiyar shekara bakwai."

Gida na farko da na biyu na faɗi abin da ake faɗa kawai. A na uku tsohuwar gidan ta fashe da kuka, ta dafa kaina, ta ce ba lallai ta sake ganina ba. Ban san lokacin da na fara yarda cewa da gaske tafiyar zan yi ba. Kuma in mutum zai mutu a Abeshe, me zai ɓoye?

Na fara da mai shayin bakin layinmu. Na ce, "Baba, ka tuna gabanin babbar sallar bara, da aka yi ta kiranka ana tambayar rago mai araha?"

Ya ajiye ludayin. "Sati uku ban yi barcin rana ba. Har daga Bonaberi ake kira."

Na ce, "Ni na rubuta lambarka a kwali na manna a kasuwa. Ranar da ka ce min shayinka ba na masu gyaran waya ba ne."

Mutane sun taru. Ya ce, "Tunda tafiya za ka yi, na yafe." Ya ba ni ƙunshin ganyen shayi.

Na wuce wajen Alhaji dillalin goro, maƙwabcinmu. Na gaya masa batirin wayarsa da yake ta zagin kamfani a kai shekara biyu, ba laifin kamfani ba ne, nasa mai kyau yana cikin tawa wayar. Ya ce innalillahi, shi har ya daina gaisawa da wanda ya sayar masa. Ya ce tunda tafiya zan yi, ya yafe, in riƙe batirin zai yi min amfani a daji.

Mafi nauyi ita ce Gwaggo, ƙanwar babana. Na durƙusa na ce duk lokacin da ta kawo wayarta gyara, ina sauraron saƙonnin muryar da take aika wa ƙawayenta.

Ta ce, "Duka?"

Na ce, "Duka, Gwaggo."

"Har na ranar sunan gidan liman?"

"Har shi. Wanda kika yi maganar miyar."

Ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Shekara nawa aka ce tafiyar?"

Kaka ta ce, "Bakwai."

"Na yafe duniya da lahira. Ka tafi a hankali, ɗana, kada ka yi gaggawar dawowa." Ita ta ba ni bobolo goman nan.

Ni ma an nemi tawa gafarar. Abokina mai bensikin ya ja ni gefe, idonsa ya yi ja, ya ce, "Mon frère, ranar nan da muka faɗi. Babur ɗin ba birki tun ranar Litinin." Na ɗaga hannu zan shaƙe shi, sai na ga liman yana kallonmu, na mayar da abin runguma.

Kafin kwana ukun su cika, an ba ɗan kawuna ɗakina. Ya gudo daga arewa da matarsa da 'ya'ya uku, watanni suna kwana a zaure, ba wanda zai ce ba su fi ni buƙata ba. Teburina na kasuwa wani ya karɓa. Inna, mahaifiyata, tana kuka tana rabar da tsofaffin rigunana.

Daren ƙarshe bai yi ba tukuna, da la'asar, Kaka ta kira ni ɗakinta. Ta sauko da sandar ta ba ni. Sannan ta buɗe akwati ta fito da farin yadin nan. Ta ce masu tafiyar ƙafa ba sa fita sai da likkafani, don kada su ɗora wa baƙi nauyi. Wannan nata ne, ta wanke shi da zamzam da hannunta.

Ta ce, "Aro na ba ka, maigida, ba kyauta ba. Ka dawo min da abina kafin in buƙace shi. In ka riga ni shiga ciki, ban yafe ba."

Da safe rabin unguwa suka raka ni har bakin babban titi. Liman ya yi addu'a, ya ce in fara da ƙafar dama, kuma kada in waiwaya. Ƙafar dama ita ce karyayyar. Na taka, aka yi kabbara, wani ya ɗauki bidiyo.

To kun ji yadda na iso Ndokoti da buhu a ka.

Da jandarmomin suka sake ni, na tsaya a gindin wata rumfa na duba ƙafar. Ta kumbura daidai yadda na tsara. Hoton ma zai yi kyau. Sai dai in na dawo da la'asar, ina zan dawo? Ɗakin da yara uku suke ciki? In wuce ta gaban mai shayi in ce masa sannu da aiki? Duk wanda ya yafe min, da sharaɗi ya yafe: tunda tafiya za ka yi. Na mayar da wayar aljihu na kama hanyar Yawunde.

Wayar ba ta bar ni na yi tafiyar cikin natsuwa ba. Wannan ya kira ya ce in na ga Ka'aba in ambaci sunansa. Waccan ta ce dabino take so, mai laushi. Wani da ban ma san shi ba ya ce in duba masa farashin haƙorin Makka. A guruf kuwa tambaya ɗaya ake yi: ya kai ina? Wani ya ce an gan ni a Edeya. Wani ya ce ƙarya ne, yanzu ya wuce ni a PK 8, wato alamar kilomita takwas daga cikin gari, ina sayen ruwan leda.

Ruwan sama ya sauko a PK 10, irin na Douala da ba ya sallama. Garin rogon da ke cikin buhu ya sha ruwa ya fara kumbura, nauyi ya ƙaru. Ina cikin wannan hali sai ga abokina mai bensikin da fasinja a baya.

"Alhaji! Har yanzu kana nan?"

Ya wuce. Bayan rabin awa ya dawo ba fasinja, ya rage gudu da tafin ƙafa, don har yau bai gyara birkin ba.

"Hau in rage maka hanya."

Na ce, "Gaba ko baya?"

Ya ce, "Ni dai New Bell na nufa."

Wallahi na ɗaga ƙafa zan hau. Sai fuskar Gwaggo ta faɗo min a rai. Na ce ya tafi, Allah ya kiyaye.

Da la'asar na iso PK 14, nan ƙafar ta ce ita ta gama. Ba ciwo ba ne kawai, ƙi ta yi. Na zube a kan benci gaban wani mai soya, tsiren nan namu, dattijo ne mutumin Marwa. Ya ce, "Asiya," irin sannun 'yan Douala, ya miƙo min ruwa. Ya tambayi inda na nufa, na gaya masa. Bai yi dariya ba. Ya ce shi shekara uku ke nan bai je garinsu ba saboda hanya, kuma da mota yake nufi. Ya ce akwai ɗan ɗaki bayan masallacin da ke kusa, in huta zuwa gobe.

Ina cin soyar da ya ba ni, Kaka ta kira. Inna ce ta danna mata.

"Maigida, ka kai ina?"

Na ce, "Na kusa Edeya."

Daidai lokacin wani mai lodin taksi ya kwarara ihu a bayana: "Ndokoti, Ndokoti! PK quatorze, Ndokoti, une place!"

Sai na ji wani sauti kamar tari. Na ɗauka kuka take yi, ashe dariya ce.

Ta ce, "PK 14? Kai, jini ba ya ƙarya." Na ji tana cewa Inna ta fita ta ba ta wuri. Sannan ta rage murya. "Nan kakanka ya tsaya."

Na ce, "Ya kwana a nan?"

"Wata takwas."

Na ajiye tsinken soyar.

Ta ce a lokacin wurin daji ne, sai masu yankan katako da masu koro shanu. Ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa ranar farko, wurin ya yi ruwa. Da ya warke sai ya ga masu katakon ba su da wanzami, ya fito da askarsa. Duk Juma'a ita Kaka tana ba masu shanu tuwo su kai masa. A Yawunde shekara ɗaya ya yi yana ɗinkin hula. A Abeshe gona ya yi, damina biyu.

"Shekara bakwan da kuke ji, kuna tsammani duk tafiya ce? Haka kowa yake yi a lokacin. Ka taka, ka tsaya, ka yi sana'a, guzuri ya taru, ƙafa ta huta, ka ƙara gaba. Wasu ma inda suka tsaya nan suka yi jikoki."

Na ce, "To wata takwas yana nan kusa, me ya hana shi zuwa gida ko sau ɗaya?"

Ta ce, "Shi ma ya yi sallama. Ya gaya wa babana abin da ya sami akuyarsa."

Ban taɓa jin kusanci da mutumin nan kamar ranar ba. Na dubi sandar, sai na ga ashe ƙasanta bai wani cinye sosai ba.

Washegari da safe mai soya yana ta jijjiga wayarsa, wai ta daina caji. Na karɓa, na zaro tsinken soya, na share ƙurar da ta toshe ramin, ta kama. Ya yi kabbara ya kira mai kantin kusa, shi ma tasa ba a jin magana. Kafin azahar na gyara biyar a kan bencin. Bayan sati guda na sa aka kawo min akwatin kayan aikina, na kafa tebur kusa da hayaƙin soya.

Yau shekara uku ke nan.

Ƙafar ta warke sarai, ina buga ƙwallo da ita ranar Lahadi. A New Bell sunana Alhajin PK. Inna tana zuwa da taksi duk bayan sati biyu da miyar kuka a kula, ta zauna ta ba ni labarin unguwa kamar wanda yake wata ƙasa. Na kira liman na tambaye shi matsayina, ya ce muddin niyya tana nan, sanda tana nan, ina kan hanya. Na ce to tunda matafiyi ne ni, zan iya yin sallar ƙasaru, raka'a biyu biyu? Ya ce in ji tsoron Allah, daga inda nake ana jin ƙamshin tuwon gidanmu.

Ba wai ban ƙara gaba ba. Bara na ɗauki sanda na taka har PK 17. Na zauna yini guda, na ga akwai masu gyaran waya har uku a wurin, na dawo. Mai soya ya ce kada in damu, hanyar arewa ma ba ta gama gyaruwa ba, in ta gyaru tare za mu tafi, ya sauka a Marwa ni in wuce. Muna wannan maganar kusan kullum, yana juya nama ina kwance waya.

Amma ƙafata ba ta sake taka New Bell ba. Biki ya wuce, suna ya wuce, sai dai in aika gaisuwa. Mai shayi yakan tambayi Inna, wai har yanzu ban kai ba? Alhajin goro ya sayi sabuwar waya, ya aiko da saƙo cewa ko mutuwa take yi ba za ta zo PK 14 ba. Gwaggo ta daina saƙon murya gaba ɗaya.

Ranar Talatar nan Kaka ta kira. Muryarta ta yi ƙasa, sai da na toshe ɗayan kunnen na bar bakin titi.

Ta ce, "Maigida, kayan da na ara maka."

Na gane. Na ce, "Haba amarya, ina za ki da shi? Ai da saura."

"Ban ce yau ba. Amma ina son in gan shi a akwatina."

Na ce zan ba abokina ya kawo mata yanzun nan.

"Likkafanina a bayan babur marar birki? Ya riga ni shiga lambatu? Da hannunka na ba ka, da hannunka za ka kawo. Kuma da ƙafa, in ga yadda take takawa." Sannan ta ce, "Na kwana biyu ban ga mijina ba."

Na ce to.

Na ciro ledar daga ƙasan jakata, yadin yana nan fari tas, ko ninkin bai sauya ba. Gobe Juma'a bayan asuba zan ɗauki sanda in kama hanya, Ndokoti, sannan gida. Wannan ba shawara nake nema a kai ba, zan je. Liman ya ce in na dawo PK 14 lissafina yana nan daga inda na tsaya, ba a rage min komai ba.

Abin da ya hana ni cin abinci tun jiya daban ne. Layinmu hanyar shiga ɗaya gare shi, kuma teburin mai shayi yana bakinta. Inna ta riga ta gaya wa kowa ina zuwa. Abokina ya ce mai shayi ya sayi kwali da alƙalami mai kauri, yana tambayar mutane lambar wayata. Gwaggo kuma ta ce a gaya min in biya ta wajenta kafin in shiga wurin Kaka, akwai magana.

To ku da kuka san yadda ake yi, ku gaya min tun kafin gari ya waye: gafarar da aka yi wa mutum don zai tafi Makka, in ya dawo daga PK 14, tana nan daram, ko sai an sake sabon zama?